Girki Na Rubuta a Allo

Sunana Arzika, amma in ka je Jibiya ka tambayi tsofaffi da wannan sunan, sai su yi ta kame-kame. Ce musu Malam Muciya, nan take za su tuna. Su suka laƙaba mini shi don su ƙona mini rai, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, har yau ban ajiye ba.

Abin ya faru ne a daminar 1956, ina koyar da aji huɗu a wata makarantar elementare da ke bakin hanyar da ta miƙe zuwa iyaka. Na yi shekaru ana jefa ni ƙauye-ƙauye kafin Allah ya sa aka dawo da ni garinmu. Ba son gari ne ya dame ni ba. Inna ce, mahaifiyata, ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, kuma ba ta da kowa sai ni. Da suyar ƙosai ta rene ni bayan rasuwar mahaifina, hayaƙi ya cinye mata rabin gani. Ranar da aka dawo da ni na ce to, yanzu kam na zauna kusa da ita ke nan, sai abin da Allah ya yi.

Manhaja ta ce a koya wa yara rubuta yadda ake yin abu daki-daki, har wanda bai taɓa yi ba ya karanta ya iya. Misalin da ke cikin littafin malami kuwa shi ne yadda ake buga waya a gidan waya. Yarana ’ya’yan manoma ne da fatake, wasu daga ƙauyen Magama suke takowa, babu wanda ya taɓa leƙa gidan waya, balle ya san me ake bugawa. Na gwada duk da haka. Suka haddace abin da na faɗa tsaf, suka juye mini shi a takarda, amma da na ce kowa ya rubuta nasa sai ido ya raina fata. Wani ya fara daga ƙarshe, wani ya rubuta layi ɗaya ya kwanta a kan benci.

Na zauna na yi tunani. Mene ne kowane yaro a ajin nan yake gani kullum, tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma in an yi kuskure a ciki cikinsa ne zai gaya masa? Amsar tana tsakar gidan kowa, a kan duwatsu uku. Washegari na ɗauki alli na rubuta GIRKI da manyan baƙaƙe a saman allo. Na ce kowa ya je gida ya zauna kusa da wadda take dafa abinci, ya kalla, ya yi tambaya, ya rubuto mini yadda ake yi. ’Yan matan ajin, waɗanda ba su cika hannu ba, suka kalli juna suna murmushi. Mazan suka yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa, na yi kamar ban ji ba.

Ranar da za a kawo aiki na zo da tukunya da muciya da itace da ɗan cefane, na kafa murhu a gindin tsamiyar makaranta. Na ce musu, “Yau ni baƙo ne, ban taɓa ganin tukunya ba. Abin da kuka rubuta shi kaɗai zan yi, ba ragi ba ƙari.”

Wani yaro mai suna Abdu ya fara. Ya gyara tsayuwa ya karanta, “Yadda ake dafa wake. A zuba wake cikin tukunya, a dafa, a ci.”

Na zuba wake a busasshiyar tukunya, na ɗora a kan murhu mai sanyi, na harɗe hannu ina jira.

“Malam, ruwa hwa?” in ji Abdu.

“Ba ka rubuta ruwa ba.”

“To wuta?”

“Ita ma ba ka rubuta ba. Ka ce a zuba, na zuba. Ka ce a dafa, ga shi na ɗora. Saura a ci.” Na ɗebo ɗanyen wake na miƙa masa. “Bisimilla.”

Aji ya kwashe da dariya har wasu na faɗuwa ƙasa. Abdu ya fizge takardarsa ya koma gefe, ya tsuguna yana ƙara ruwa da wuta da alƙalami. Sai Hassana, yarinya mai kaifin kai, ta karanta nata na miyar kuka. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma da ta zo kan gishiri sai ta ce, “A sa gishiri daidai.” Na cika tafin hannuna maƙil na nufi tukunya.

Ta yi ihu, “Malam, ya yi yawa!”

“Daidai ne da hannuna.”

“Innata ta ce hannu shi ka sani.”

Na ce, “Hannun innarki yana gida. Takardarki kuwa za ta je inda innarki ba ta taɓa zuwa ba. Koma ki tambaye ta, wannan daidai ɗin nata, da yatsa nawa take ɗibarsa, kuma a miyar mutum nawa.”

Kafin wata ya ƙare, yaran da ba sa iya haɗa layi biyu sun koyi fara aiki da jera kayan da ake bukata. Sun san inda ake sa “da farko” da “sannan” da “in ya tafasa” da “daga ƙarshe”. Sun gane cewa mai karatu ba ya cikin kansu. Na yi shekaru ina koyarwa ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan lokacin ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Lado, ɗan Madugu Bawa, yaro mai nauyin baki wanda da ƙyar yake karatu. Ya zauna da kakarsa Hajo ya rubuto yadda ake ɗan wake, shafi guda cif. Na sa masa jan alƙalami na ce ya yi kyau, na ce in layi ya zo kansa za mu gwada a murhu. Layin bai zo ba aka fara rigima.

Makarantarmu ba ta da katanga. Duk mai zuwa iyaka, da mai jaki da mai raƙumi da direban babbar mota, ta gabanmu yake wucewa. Abin da suke gani kuwa shi ne malami, namiji mai gemu, ya durƙusa yana hura wuta, yara maza sun kewaye shi. Labari ya riga ni shiga kasuwa. In na ratsa rumfar mahauta sai in ji, “Malam Muciya, yau mi anka girka muna?” Wani shaƙiyyi har cewa ya yi, “Malam, yau kai ad da girki ko abokiyar zamanka?” Aka yi ta shewa. Mutumin da yake juya tsire a kan wuta tun safe shi ne ya fi kowa dariya. Daga baya wasa ya koma magana mai nauyi, aka fara raɗa cewa ina so in mai da ’ya’yan mutane ’yan daudu.

Madugu Bawa ne ya fara janye ɗansa. Shi ne shugaban fataken da ke kai goro da atamfa Maraɗi su dawo da kanwa da gishiri, kuma mutum ne da in ya yi tari a Jibiya sai an amsa. Da ya janye Lado sai iyaye suka bi sahu. Benci ya fara yin wayam.

Hedimasta, Malam Lawwali, ya kira ni ofis. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, tsoro ne ya yi masa yawa. Ko akuya ta harare shi sai ya ba ta haƙuri. Ya ce, “Malam Arzika, ka san yadda muka sha wuya kafin a ba mu yaran nan, gida-gida muka bi muna roƙo. In ajinka ya watse, manya za su tambaye ni, ni kuma dole in faɗi sunanka. Ka san abin da zai biyo baya, canji ne, kuma ba kusa ba. Don Allah ka je ka ga Madugu.”

Na tambaya aka ce ayarin Bawa ya dawo daga Maraɗi, amma kaya sun maƙale a shingen iyaka. Ma’aikatan duwan, wato kwastan na Faransi, sun sake su, na kwastan ɗin wannan gefen ba su gama dubawa ba. Shi kuwa Bawa yana da ƙa’ida, ba ya shiga gida sai kayan mutanensa sun shiga. Don haka yana nan zaune a iyaka, yana hango gidansa.

Na isa da hantsi, an yi ruwa da safe, ƙasa duk ta caɓe. Jakuna suna tsaye da kunnuwa a langaɓe, an rufe buhunan kanwa da tabarmi kada ruwa ya narkar da su. Direbobin Faransi suna kwance ƙarƙashin manyan motocinsu, kamiyo, suna caca. Can gindin wata bishiya na hango hayaƙi, na nufi wurin. Wa zan gani? Madugu Bawa da kansa, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun ’yar ciki, ya dafe wata ƙatuwar tukunya da ƙafa, yana tuƙa tuwo da muciyar da ta ninka tawa. Yana yi yana yi wa wani bafatake faɗa wai ya cika wa miya kuka.

Wallahi daɗi ya kama ni har na kasa riƙe bakina. Na ce, “Salamu alaikum. Sannu da girki, Madugu.”

Bawa bai daina tuƙi ba, bai ma ɗago kai ba. Ya ce, “Malam, gyara bakinka. Wagga dahuwa ta.”

“Mi ar raba su?” na ce. “Tukunya ce, wuta ce, muciya ce.”

“Kai ka yi boko amma ba ka san Hausa ba,” in ji shi. “Mace ita ka girki, cikin gida, ranar kwananta. Namiji bisa hanya dahuwa shika yi, don kar yunwa ta kashe shi. Mahauci gashi shika yi. Kai ko ka tashi ka rubuta ma ɗiyanmu girki, ka tura su gindin murhun mata. Ɗana na zaune tsakanin zannuwa shina tambayar kanwa nawa aka sawa. Ni da nika ɗauko kanwar tun daga arewa ban taɓa tambaya ba.”

Mutanensa suka yi dariya. Ya kwashe tuwo, ya mulmula, ya sa aka miƙo mini malmala guda. Na ci, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ko gudaji ɗaya babu a tuwon nan. Ya zauna ya goge hannu, sannan ya faɗi sharaɗinsa. In goge kalmar nan daga allo in rubuta dahuwa. In ana son yara su koyi rubutun, su zo iyaka su ga yadda maza ke yi. Sannan in tsaya gaban iyaye da yara in ce na yi kuskure, ɗa namiji ba ya zama gindin murhun mace, abin kunya ne. In na yi haka, kowa zai maido da ɗansa.

Na ce, “Madugu, tuwon ga ya yi. Wa ya koya maka tuƙi?”

“Ido,” in ji shi.

“Idon da ya kalli wa?”

Fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya ɗauki rigarsa ya ce, “Malam, na hwaɗa maka abin da za ka yi. Ka sauka lahiya.”

Da na kai wa Malam Lawwali labari sai ya yi ta hamdala kamar an yi masa bushara. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi, kalma ɗaya ce kawai, tsumma zai share ta. Nan da nan ya aika aka gaya wa iyaye ranar da za a taru.

Ana gobe taron na tarar da Inna bayan la’asar tana zaune a tabarma tana tsince wake da lalube. Labari ya riga ya iso mata, don ba abin da ke ɓuya a Jibiya. Ta ce, “Zamna nan, ɗan nan.” Ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Na zauna.

“Gobe ka hwaɗa masu abin da suka son ji. Magana ta, iska ka ɗauke ta.”

“Inna, in tsaya gaban yara in ce zama kusa da ke abin kunya na? Ni da nit tashi gindin kaskonki?”

Ta ce, “Ni ban ji kunya ba, ko ka ce ko ba ka ce ba. Amma in sunka kai ka nesa, ƙaƙa za ni yi? In zamna nan ni ɗai, ko in bi ka in mutu cikin baƙi? Nan ubanka shike kwance. Nan nika son a aje ni.”

Maganar Bawa ba ta girgiza ni ba, shewar kasuwa ma ba ta yi ba, amma wannan ta shige ni har ƙashi. Na ji tsoro sosai, kuma na ji haushin duk wanda ya sa tsohuwar nan ta roƙe ni in zubar da mutuncinta don ta samu inda za a binne ta.

Washegari iyaye suka cika gindin tsamiya, an shimfiɗa musu tabarmi. Bawa yana gaba, kaya sun shiga gida, ya sha babbar riga da rawani. An jera yara a gefe don su ji da kunnensu, har waɗanda aka janye an kawo su. An fito da allon ajina an jingina shi da bishiya, kalmar tana nan a samansa. Malam Lawwali ya yi doguwar gaisuwa, ya yabi iyaye, ya yabi haƙurinsu, sannan ya miƙo mini tsumma.

Na karɓa na tsaya. Na kalli yaran. Abdu ya sunkuyar da kai, Hassana ta ƙura mini ido ko ƙiftawa ba ta yi. Yaran nan sun je sun zauna da uwayensu da kakanninsu, sun yi tambaya an amsa musu, sun ga abin da aka gaya musu ya zama rubutu a takarda har an sa masa maki. Yanzu ana so in ce musu duk wannan ƙazanta ce.

Na ce, “Iyayena, ina da tambaya guda. Duk wanda bai karya da girkin mace ba yau da safe, ya ɗaga hannu mu gan shi.”

Babu hannun da ya tashi. Wani tsoho ya yi gyaran murya.

Na ce, “To. Ni rubutu nake koyarwa. Na nemi abin da yaranku suka fi sani don su koyi tsara magana, na same shi a hannun uwayensu, kuma sun koya. A kawo takardar kowane yaro a karanta, a ga in ƙarya nake. In kuna so su zo iyaka su rubuta dahuwar fatake, ni zan kai su da kaina, da murna. Amma in tsaya nan in ce wa yaro zama kusa da uwarsa abin kunya ne, wannan ba zai fito daga bakina ba, ko yau ko gobe. Abin da mata ke yi a gidajenku girki ne, shi na aike su su rubuto, shi na rubuta a allo, kuma ban yi kuskure ba.”

Na ninke tsumman na sa a aljihu. Wuri ya ɗauki hayaniya. Malam Lawwali yana ta “A yi haƙuri, a yi haƙuri,” ba mai jin sa. Bawa bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, “Malam, kai ka zaɓa.” Ya kama hannun Lado suka tafi, sauran suka bi bayansa.

Ba a daɗe ba takardar canji ta zo. An tura ni wani ƙauye can kudancin lardi, inda ake jin kukan jirgin ƙasa, tafiyar da tsohuwa ba za ta yi sau biyu ba. Na gaya wa Inna. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta yi kwanaki ba ta cewa komai sai amsa gaisuwa. Rannan na dawo na tarar ta ɗaure kaskonta cikin tsohon zane, ta rarraba wa maƙwabta kajinta.

Ranar tafiya muka samu wata babbar mota da ta fito daga Maraɗi za ta Katsina. Aka ɗora kayanmu, na taimaka wa Inna ta hau gaba kusa da direba. Na ce ya ɗan jira ni in miƙa mabuɗin kabad a makaranta. Na tarar Malam Lawwali ya riƙe ajina, ya share allo tas, yana koya wa ’yan yaran da suka rage lissafi. Na ba shi mabuɗi, ya karɓa yana kallon ƙasa. Na juya zan fita ke nan sai na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa.

Wata tsohuwa ce, ’yar ƙarama, ta dogara sanda da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta damƙe wuyan hannun Lado tana jan sa. Hajo ce, mahaifiyar Madugu Bawa. Ta shigo aji ba sallama ba neman izini, ta ce, “Wane na Malam Muciya?”

Na durƙusa na ce, “Ni na, Iya. Ina kwana?”

“Lahiya lau. Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba.”

Malam Lawwali ya matso yana murza hannu. “Iya, ai Malam Arzika ba malaminmu ba ne yanzu. Kuma Madugu ya san kin kawo yaron nan?”

Ta juya ta dube shi sama da ƙasa. “Ni na haihi Bawa ko shi ya haihe ni? Kai kuma wa ya tambaye ka?” Sannan ta dawo kaina. “Wanga yaro tun da anka hana shi zuwa shina zaune gida kamar marar lahiya. Jiya na ce shi karanta mani abin da ya rubuta, in ji. Dut ya yi daidai sai wuri guda. Ya ce wai in an saki ɗan wake a ruhe tukunya. Wa ka ruhe ɗan wake? Kumhwa shi taso shi zube shi kashe wuta? In wata ta karanta ta ruhe, a ce Hajo ta koya mata? Na ce shi gyara, ya ce ba a taɓa aikin da malam ya sa ma jan alƙalami. To ga ka, ga shi. A gyara kahin ka tahi.”

Na kalli Lado, ya rungume takardarsa a ƙirji, ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Daga can hanya na ji direba ya danna oda. Na ɗauki alli daga teburin hedimasta na miƙa wa yaron. Na ce, “Hau allo. Rubuta shi duka daga farko, Iya tana ji. Ku kuma sauran kowa ya buɗe littafinsa.”

Malam Lawwali ya ce, “Malam Arzika, lissafi muke yi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, sai ka jira mu sauke tukunya.”

Lado ya share lissafin da hannun rigarsa. A sama ya rubuta “Girkin Iya Hajo”, ba wanda ya ce masa ya rubuta haka. Yana rubutu yana karantawa da ƙarfi. Da farko a jiƙa kanwa a tace. Sannan a haɗa garin wake da garin kuka a kwaɓa da ruwan kanwar, kada ya yi ruwa kada ya yi tauri. A ɗora ruwa, sai ya tafasa sosai sannan a riƙa ɗiba da yatsu ana sakawa. Da ya zo nan ya tsaya ya kalli kakarsa.

Ta ce, “A bar ta buɗe. In kumhwa ya taso a yayyahwa ruwan sanyi.”

Ya rubuta, “Kada a rufe tukunya. In kumfa ya taso a yayyafa ruwan sanyi.” Ya ci gaba har zuwa tsamewa da zuba man gyaɗa da yaji. Alƙaluma suna ta ƙara a kan takarda. Malam Lawwali ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana leƙen hanya, ko Bawa yake tsoro ko wa, oho.

Hajo ta matsa gaban allo ta ɗaga kai tana kallon baƙaƙen da ba ta san ko ɗaya ba. Ta ce, “Ina wurin?” Lado ya ɗora yatsa a kan layin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta gyaɗa kai. Na karɓi takardar yaron na soke tsohon layin, ya rubuta sabon a gefe, na sa hannu.

Ta ce, “Malam, ni ba ni iya hana su kore ka. Sha’anin maza na.”

“Na sani, Iya.”

“To Allah shi kiyaye hanya.” Ta kama hannun jikanta ta zaunar da shi a benci, ta ce wa hedimasta, “Nan za shi zamna. In ubanshi na da magana shi zo shi same ni.”

Na fita da gudu, ban yi sallama da yaran yadda na so ba, don na san in na tsaya hawaye za su kunyata ni. Direba ya riga ya tayar da mota, yana ta zuba mini faɗa rabi da Hausa rabi da Faransanci. Na haye na matsa kusa da Inna. Ta riƙe ƙullin kaskonta a cinya, fuskarta tana kallon gaba.

Ta ce, “Mi ya tsai da kai?”

Na ce, “Wani yaro ne ya rubuta wai in an saki ɗan wake a rufe tukunya.”

Ta juyo da sauri, karo na farko da ta dube ni sosai tun zuwan takardar. “Wa ka ruhe ɗan wake?”

“Shi ya sa na tsaya.”

“An gyara?”

“An gyara, Inna.”

Ta gyara zaman ƙullinta. Sannan ta ce wa direba, “To, ɗan nan, mu tahi.”

Mota ta hau hanyar Katsina. Inna ba ta sake ganin Jibiya ba.